Shaihu Umar Ya Cika Shekara Hamsin: An Gan Shi a Barlin, Saura Sanyinna

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2018, sa'ad da sanyin ƙasar Jamus ya kai matuƙa, aka tara jama'a a birnin Barlin wajen bikin fina-finai na shekara-shekara wanda ake kira Berlinale, aka kashe fitilu, aka haska musu wani fim na Hausa mai tsawon minti 142, alhali kuwa mafi yawan waɗanda suka sayi tikiti suka zauna ba su san ko gaisuwar safe da wannan harshe ba, sai dai su bi fassarar da ke wucewa a ƙasan allo. Fim ɗin nan shi ne Shaihu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kuma Najeriya ta gabatar a bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas a farkon 1977, sa'an nan ya ɓace daga idon jama'a har tsawon shekarun da aka fara ɗaukarsa a cikin abubuwan da sai dai a ba da labarinsu. A shekarar 2026 yake cika shekara hamsin cif, kuma wannan ne dalilin da ya sa ya kamata a yi magana a kansa, musamman a wajenmu mutanen kudancin Sakkwato, inda har yanzu akwai dattawan da suka karanta littafin a aji, da kuma jikokinsu da ba su taɓa jin sunansa ba.

Waɗanda suka kai shi Barlin mutanen wata cibiya ce mai suna Arsenal, wadda asalinta ƙungiya ce ta ma'abota sha'awar fim da aka kafa a 1963, ta buɗe gidan sinimarta a 1970. Irin wannan gida ya bambanta da gidajen sinimar da muka sani a Kano ko Kaduna, domin ba ya bin abin da kasuwa ke so, ba ya kuma tseren kawo sabon fim ranar da ya fito. Aikinsa shi ne adana tsofaffi, da gyara waɗanda suka lalace, da haska su ga 'yan tsirarun mutane masu son nazari. Daga cikin al'adun irin waɗannan gidaje a Turai da Amurka akwai wata wadda na ga ta cancanci a yi koyi da ita, wato idan wani fim da yara suka so a zamaninsa ya cika shekara talatin ko arba'in ko hamsin, sai a keɓe masa rana, a sake haska shi a babban allo, uba ya riƙo hannun ɗansa ya kawo shi ya ga abin da ya firgita shi ko ya ba shi dariya sa'ad da yake kamarsa. Ribar kuɗi a cikin wannan kaɗan ce. Abin da ake nema shi ne a sami wani abu guda wanda tsara biyu ko uku za su yi tarayya a cikinsa, su koma gida suna jayayya a kansa.

Yadda fim ɗin ya ɓace ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin ma'ajiyoyin gwamnati. Fim na wancan zamani zare ne mai faɗi na roba, a naɗe cikin gwangwanaye, kuma robar tana da wata cuta wadda zafi da laima ke tayarwa: sai ta fara fitar da wari mai tsami, ta ƙanƙance, ta murɗe, launinta ya koɗe, har ta kai inda ba na'urar da za ta iya karanta ta, kuma gwangwani ɗaya da ya kamu yakan shafa wa maƙwabtansa. A 2016 ne aka gano ainihin zaren Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, bayan ƙoƙarin wasu masu kishin abin, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Didi Cheeka na ƙungiyar masu son fim ta Legas, mutumin da ba Bahaushe ba ne, kuma wannan abin lura ne ga mai hankali. Daga nan aka haɗa hannu da Arsenal, gwamnatin Jamus ta tallafa da kuɗi, aka ɗauki hoton zaren da na'ura aka mai da shi cikin kwamfuta. Da yake kowace daƙiƙa ta fim tana ɗauke da hoto 24, minti 142 ya haura hoto dubu ɗari biyu, kuma a cikinsu ne ake bin karce da tabo da koɗewar launi ana gyarawa. Wanda ya taɓa ganin yadda malami ke kwafe tsohon littafin da gara ta ci gefensa, yana auna kowane harafi kafin ya sauke alƙalami, ya san irin haƙurin da wannan aiki ke bukata.

Shi kuwa littafin ya girmi fim ɗin da shekara arba'in da 'yan kai. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya yana kwaɗaitar da malaman boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, domin a sami abin da 'yan makaranta za su karanta wanda ba lissafi ba ne, ba kuma tsabtar jiki ba. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba, wanda kuma ba mai zaton cewa a 1957 zai zama Firayim Minista, ko cewa a watan Janairu na 1966 za a kashe shi. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shaihu Umar a cikin fim.

Labarin ya fara ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda wani babban malami ke zaune da almajiransa, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya buɗe baki ya ba su tarihinsa tun daga Kagara inda aka haife shi maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa hassada suka ƙulla masa sharri bayan an komo daga hari, har sarki ya kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ta sallami iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron amana a hannun wata, sai wani mugu ya yaudare shi ya sace shi ya shiga daji da shi, inda kura ta cinye ɓarawon, Allah ya tsare yaron. Daga hannu zuwa hannu ya isa Kano, ya faɗa a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ratsa Sahara da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami abin komawa. Ita kuwa uwar, da ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus, kuma a can ne Allah ya haɗa su bayan shekaru masu yawa, ta gan shi da idonta, ba ta daɗe ba ta cika. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira.

Duk yaron da ya zauna gaban malamin allo ya ji ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai gane wannan hanya tun kafin a kai rabinta: yaro da aka raba da mahaifi, aka sayar, aka kai shi wata ƙasa mai nisa, ya tashi a gidan wanda ya saye shi, ya sami ɗaukaka ta hanyar ilmi da kamun kai. Amma Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ba mai karatu irin sanyin zuciyar da ke ƙarshen waccan ƙissa ba, domin a nan haɗuwar ɗa da uwa ta zo ne a bakin kabari, kuma babu wanda ya zo ya nemi gafarar abin da ya aikata. Saboda haka idan aka tambaye ni ko wannan fim na yara ne, sai in ce ba a yi shi domin yara kaɗai ba, amma yaro ne a tsakiyarsa, kuma duk abin da ke kama zuciyar yaro yana ciki, daga kura da daji da raƙuma har zuwa tsoron nan da ya fi kowane tsoro, wato ka waiwaya ka tarar babu uwarka. Ruwan Bagaja ya fi shi ban dariya nesa ba kusa ba, shi ma an mai da shi fim a ƙarshen shekarun 1980, amma Alhaji Imam na cikinsa babban mutum ne mai wayo, yaro yakan yi masa dariya ne daga nesa. Shi kuwa Umaru, wato Shaihu Umar yana ƙarami, yaro yakan shiga rigarsa.

To, ina za a haska shi? Garuruwa irin su Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe ba su taso da gidan sinima ba, kuma ba su yi baƙin cikin rashinsa ba. Sinima abin birni ce, kuma tun farkon zuwanta ba ta yi farin jini a wajen malamai da iyaye ba. A Kano an buɗe Rex a 1937 a wajen ganuwa, kuma sa'ad da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta halaka mutum 331, da yawa daga jama'a sun ɗauke ta a matsayin hukunci a kan masu zuwa irin wannan wuri. Mutumin kirki ba ya son a gan shi a ƙofar sinima, mace mai mutunci kuwa ba a ma maganarta. Amma akwai wani kallo dabam wanda bai taɓa samun wannan tabo ba, shi ne majigi. Motar gwamnati ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika, a sanar da hakimi, sanƙira ya zagaya gari, bayan sallar isha'i a taru a ƙofar fada, manya a kan tabarmi, yara a gaba cikin ƙura, wani ma'aikaci mai zaƙin baki yana riƙe da abin magana yana fassara abin da ke allo, yana ƙara nasa gishiri. Abin da ake nunawa yawanci wa'azin gwamnati ne, a kan rigakafi da haƙa masai da noman auduga, irin su Baban Larai, da kuma tafiye-tafiyen Sardauna, amma da yake a sarari ake yinsa, da izinin sarauta, kowa na ganin kowa, ba wanda ya ce haramun ne. Adamu Halilu kansa a wannan makaranta ya koyi sana'a, domin a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa ya yi aiki shekaru, yana shirya irin waɗannan fina-finai na faɗakarwa kafin ya kai ga Shaihu Umar. Idan aka haska fim ɗinsa a ƙofar fada, an komar da shi inda mai shi ya fito.

Yau kuwa kallo ya yi yawa har ya rasa daraja. Tun daga Turmin Danya a 1990 fina-finan Kano suka cika gidaje, tashar Arewa24 ta zo a 2014, kowane gari yana da gidan kallon ƙwallo, kowane saurayi kuma yana iya miƙa wayarsa ga masu tura fim a tasha a cika masa ita da fassarar Indiya a kan kuɗi kaɗan. Yaron Sanyinna na yau ya ga fim fiye da yadda kakansa ya gani tsawon ransa. Sai dai shi kaɗai yake gani, ko su uku sun haɗa kai a kan allon da bai kai tafin hannu ba, babu babba a kusa da zai tambaya, babu kuma wanda zai ce masa ga abin da wannan ke nufi.

Akwai wata hujja mai nauyi da za a iya kawowa a kan shawarar haska wa yaranmu fim ɗin, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Sa'ad da aka yi fim ɗin a 1976, satar yaro a kai shi daji tarihi ne, abin da kaka ke ba jika labari. Yanzu ba haka ba ne. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Kagara ta Jihar Neja, garin da ke ɗauke da sunan mahaifar Umaru, suka kwashe ɗalibai da malamai; a watan Yuni na wannan shekara suka yi haka a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, wadda ba ta da nisa ƙwarai da mu; mutanen ƙasar Kebbe kuwa ba sa bukatar jarida ta gaya musu abin da ake ciki a dazuzzukansu. Uba yana da haƙƙi ya ce ba zai kai ɗansa ya ga a allo abin da yake kwana yana addu'ar Allah ya tsare shi daga gare shi ba. Ina girmama wannan magana, amma ra'ayina ya saɓa mata, domin yaran nan sun riga sun ji, suna jin manya na raɗa, suna ganin baƙin da suka gudo daga ƙauyuka, kuma abin da suka rasa shi ne labari mai kai da gindi wanda zai ɗauki tsoron nan ya ba shi suna, ya nuna musu yaron da abin ya faɗa wa bai zama dabba ba, bai kuma zama mai ɗaukar fansa ba. Wanda ya ga ɗansa bai kai ba, ya bar shi gida, babu laifi.

Sai kuma mas'alar bauta, wadda ita ce ƙashin bayan labarin, wadda kuma mu Hausawa muka ƙware wajen kauce wa zancenta. Ya kamata a tuna cewa sa'ad da littafin ya fito a 1934 ba a ma gama soke bauta a dokar Arewa ba, sai a 1936, ko da yake tun 1901 Turawa sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Wato cikin waɗanda suka fara karanta shi akwai 'ya'yan bayi da 'ya'yan iyayengiji a benci ɗaya. Malamanmu kuwa sun daɗe da magana: tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a cikin Mi'irajus Su'udi cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba, kuma sayar da 'ya'ya yana daga cikin abubuwan da masu jihadi suka zargi sarakunan Haɓe da shi, ko da yake abin bai ƙare da zuwan tuta ba. Littafin Abubakar ya nuna zafin wannan ciniki a jikin uwa da ɗanta, ya nuna shi da kyau. Inda ya gaza, a ganina, shi ne wajen mutanen ƙauyukan da su Makau suka kai wa hari tun a farkon labari: an ƙirga su a cikin ganima, an wuce, ba a ba ko ɗaya daga cikinsu baki ya yi magana ba, kuma mai karatu yakan tausaya wa Makau saboda sharrin da aka yi masa har ya manta abin da shi ya fita yi. Wannan tambaya ce da ɗalibin sakandare zai iya ɗagowa da kansa in an ba shi dama, kuma malamin da ya iya amsa ta ba tare da ya ɓoye gaskiya ko ya zagi kakanni ba ya ci albashinsa.

Abin da aikin ke bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya ba, ko ma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai: izini da kwafi mai kyau daga Hukumar Fina-finai a Jos, na'urar haskawa, farin ƙyalle, lasifika biyu, da janareta ko batirin sola. Lokacinsa bayan kaka ne, sa'ad da aka kai amfanin gona gida, sama ta washe, kafin hunturu ya yi tsanani. A fara da gaishe da hakimi da limamai, a nuna musu su kaɗai tukuna, domin fim ɗin da ya buɗe da zauren karatu ba ya tsoron idon malami. Minti 142 ya yi wa ƙaramin yaro yawa a zama ɗaya, saboda haka a raba shi dare biyu, a tsaya inda ayari ya kama hanyar Sahara, a bar su su kwana da ɗoki. 'Yan mata da matan aure a yi musu nasu zama da rana a cikin makaranta, a rufe tagogi. Inda dare ba shi da aminci kuwa, kada a yi gardama da gaskiya, a yi na kowa da rana.

Akwai wata dangantaka da ta sa wannan yanki ya fi wasu haƙƙi a kan abin. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, malamin makaranta ne kuma marubuci kamar Abubakar, ya kuma yi masa sakataren majalisa a ƙarshen shekarun 1950. Jihar Sakkwato ita ma a watan Fabrairu na 1976 aka ƙirƙire ta, wato sa'ar fim ɗin ce, tare suke cika hamsin. Bayan Shaihu Umar kuma Adamu Halilu ya juyo nan ƙasar, ya shirya wani fim a ƙarshen shekarun 1970 da hannun gwamnatin Jihar Sakkwato, a kan Kanta, sarkin Kabi na ƙarni na 16 wanda kufan birninsa Surame ke nan har yau, labarin da ya ƙunshi yaƙi da dawaki da ganuwa, irin wanda yaro ba ya gyangyaɗi a gabansa. Shi ma a kan irin wancan zare aka ɗauke shi, a cikin irin waɗancan gwangwanaye. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato tana da hurumin rubuta wa Jos takarda ta nemi a bincika ko suna can, a buɗe su a duba, kuma Jami'ar Jos, tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ta riga ta fara horar da ɗalibai a kan adana fim da gyaransa, saboda haka wannan karo ba lalle ne sai an kai shi Barlin ba.